TSATSA A ƘARƘASHIN FENTI: TSOFAFFIN MOTOCINMU NA A-KORI-KURA DA DOKAR DUBA LAFIYAR ABIN HAWA

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyarmu



Lokacin da kwamitin shirya taro ya aiko mini da takardar gayyata, na san abin da ake sa rai shi ne in yi magana a kan ilmi, tunda alli da allo su ne sana'ar da na yi shekara 35 a kanta. Sai na roƙi alfarmar a bar ni in yi magana a kan mota, musamman tsohuwar a-kori-kura da tsatsar da ke cin ta. Dalili kuwa shi ne akwai wani darasi da na koya bayan na ajiye aiki, na kuma koye shi da tsada, don haka ba na so wani ɗan Darmanawa ya sake biyan kuɗin makarantar da na biya.

Matsayin a-kori-kura a rayuwarmu

Duk wanda ya girma a tsakanin Darmanawa, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ya san cewa a-kori-kura ita ce ta gaji jakin kakanninmu. Ita ke ɗauko buhunan hatsi daga Dawanau, ta ɗauko katako daga Na'ibawa, ta kai kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan zuwa 'Yan Kaba. Ita ke kai kayan jeren 'ya'yanmu, ita ke kai taki gona idan damina ta kawo jiki, kuma bencina da yawa na makarantun da na shugabanta a bayanta suka iso. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya suka zama 'yan gida a ƙasar nan, kuma har gobe akan ga tsirarunsu suna fama a kan titi. Daga baya Toyota Hilux da Dyna da Mitsubishi Canter da 'yar ƙurƙura suka shigo, mafi yawansu kuwa sai da suka gama ƙuruciyarsu a wata ƙasa kafin su iso hannunmu.

Da yawa daga cikinku da ke zaune a birane kun saya wa ƙani ko ɗan 'yar uwa irin wannan mota domin ya sami abin dogaro da kai. Wannan zumunci ne abin yabo, Allah ya saka da alheri. Sai dai ina so mu tambayi kanmu, kafin a miƙa wa yaro makulli, wa ya taɓa durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin motar?

Abin da ya same ni

Bayan na yi ritaya, na tattara ɗan abin da na tara na aika aka sayo mini wata tsohuwar a-kori-kura daga kudu. Ta iso fara fes, fenti yana ɗaukar ido, injin yana tashi bugu ɗaya. Na ba wani matashi amintacce yana jigilar kayan gwari da ita, ya kuma ɗauki wani yaro ɗan tsohon ɗalibina a matsayin yaron mota. Da wa'adin takardu ya ƙare, sai aka nuna mini wani ɗan tsakani da ke cewa ba sai na wahalar da kaina ba. Na ba shi kuɗi da safe, da la'asar ya kawo mini takardu cif, har da ta shaidar lafiyar mota, alhali motar tana can tana lodi, ko inuwarta wani mai dubawa bai gani ba. Ni da na yi shekaru ina korar yara daga ɗakin jarrabawa saboda satar amsa, sai ga ni na saya wa motata sakamakon jarrabawar da ba ta zauna ba, na kuma kwanta na yi barci.

A rani na biyu, suna dawowa da tumatir a kan titin Zariya, motar ta faɗa wani ɗan rami da bai kai a yi maganarsa ba. Nan take maƙalin sifirin na baya ya ɓalle daga jikin shasi, tayoyin baya suka goce, motar ta yi gefe. Direba ya fita da 'yar ƙujewa, amma yaron da ke zaune a kan kwanduna ya faɗo ya karye a cinya. Ya yi watanni yana jinya a asibitin ƙashi na Dala, kuma har yau da ɗan ɗingishi yake tafiya. Da na je garejin da aka ja motar, makanike ya sa yatsa a gefen shasin sai ƙarfe ya riƙa zubowa kamar ɓawon gyaɗa. An cike ramukan da bodi-fila, an bi da baƙin fenti. Ranar da na je gaida mahaifin yaron, ya karɓe ni da ladabin ɗalibi ga malaminsa, ya ce, "Malam, ƙaddara ce." Na san ƙaddara gaskiya ce, na kuma san akwai sakacina a ciki, shi ya sa na kasa haɗa ido da shi.

Mece ce tsatsa, kuma daga ina take zuwa?

Mun koya wa yara a darasin kimiyya na firamare cewa idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, tsatsa za ta fito. Abin da ba mu cika faɗa musu ba shi ne gishiri yana hanzarta wannan aiki ƙwarai, kuma tsatsa tana kumbura fiye da ƙarfen da ta ci, sai ta ɗaga fenti, ta buɗe wa ruwa sabuwar ƙofa. Shasin irin waɗannan motoci a wurare da yawa kamar akwati yake, mai rami a ciki. Laka da danshi sukan shiga su kwanta, su yi ta ci daga ciki zuwa waje, ta yadda ranar da ido zai ga huda, aikin gama ya riga ya gama.

Mu a Kano Allah ya yi mana gata da busasshiyar iska a mafi yawan watannin shekara, shi ya sa za ka ga Fijo da ta haura shekara 40 ƙashinta yana nan da ƙwari. Tsatsarmu ta hanya biyu take zuwa. Ta farko ita ce wadda muke sayowa da kuɗinmu. A ƙasashen Turai da arewacin Amurka da Kanada, gishiri ake watsawa a kan tituna lokacin hunturu domin narkar da ƙanƙara, kuma wannan ruwan gishiri yana wanke ƙarƙashin mota shekara da shekaru kafin a loda ta a jirgin ruwa a kawo mana. Matsalar ba ƙarama ba ce ko a can, domin a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 3.4 a Amurka, saboda ƙarar da masu motoci ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia suka shigar a kan tsatsar shasi. Haka nan motar da ta daɗe a Legas ko Fatakwal ta sha iskar teku mai gishiri da ruwan sama mai yawa. 'Yan uwa mazauna can, wannan magana taku ce.

Hanya ta biyu ita ce kayan da muke ɗorawa. Takin zamani, yuriya ne ko NPK, yana jawo danshi daga iska, kuma ɗan abin da ya zube a lungun bodi ya isa ya huda shi. Haka gishiri da kanwa da fatun da aka barbaɗa wa gishiri suke yi. Fitsari da kashin dabbobin da ake ɗaukowa daga kasuwar Wudil, ruwan tumatir da ke tsiyaya daga kwando, jiƙaƙƙen yashi, ledojin ruwan sha da ke fashewa, da ruwan batir da ke zuba a mazauninsa, duk abokan gābar ƙarfe ne. Sai kuma ruwan Agusta da ke kwanciya a lungunanmu, mota ta yi iyo a ciki ta fito da laka maƙale a ƙarƙashinta, ba mai wankewa har kaka.

Abin da doka ta tanada

Hukumomi uku ne mai mota a Kano ya fi cin karo da su, kuma yana da kyau mu san aikin kowacce. Ta farko ita ce ofishin duba lafiyar ababen hawa, wato VIO, wanda na jiha ne, kuma shi ke da alhakin gwada mota ya ba da takardar shaidar cewa ta cancanci hawa titi. Wannan takarda tana da wa'adi, kuma ga motar haya ko ta kaya ba ya wuce shekara guda. Ta biyu ita ce Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Yanzu tana aiki ne da dokar da aka yi mata a 2007, tare da ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012. Ta uku ita ce KAROTA, wadda gwamnatin Jihar Kano ta kafa a 2012 domin kula da bin doka a titunan jihar.

Abin da ake dubawa a jikin mota ba ɓoyayye ba ne: birkin ƙafa da na hannu, sitiyari, fitilun gaba da na baya da na nuna kwana, gilashi da madubai da waifa, ham, hayaƙin da ke fita daga salansa, tayoyi har da safaya, abin kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku, da kuma ƙarfin shasi da bodi. Game da taya, akwai lambobi huɗu a gefenta da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 2319, to mako na 23 ne na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ta gama aiki idan ta cika shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta bai goge ba. Lodin wuce ƙa'ida laifi ne, haka ɗora mutane a kan kaya, kuma da na kiyaye wannan kaɗai da yaron nan bai karye ba.

Mazauna Legas sun san cewa tun watan Janairu na 2022 gwamnatin jihar ta ce ba za a ba da takardar shaidar lafiya ba sai an kai mota cibiyar gwaji da na'ura mai kwakwalwa. Mazauna Abuja kuma sun ji hukuncin da Babbar Kotun Tarayya ta yanke a watan Oktoba na 2024, cewa jami'an duba motoci na birnin ba su da hurumin tsare mota a hanya, ko kama ta, ko cin tarar direba. Na ji wasu sun yi murna da wannan hukunci kamar an soke duba mota gaba ɗaya. Kotu ta yi magana ne a kan iyakar ikon jami'ai, ba ta yanke wa tsatsa hukuncin daina cin ƙarfe ba.

Akwai wata ƙa'ida ta Ingila da nake so mu ara. Can an fara gwajin mota na shekara-shekara a 1960, kuma a yau duk motar da ta cika shekara uku sai ta je. Daga cikin sharuɗɗansu, idan tsatsa ta raunana ƙarfe a tazarar santimita 30 daga inda aka ɗaure birki, ko sitiyari, ko sifirin, ko bel ɗin kujera, motar ta faɗi jarrabawa. Santimita 30 ita ce tsawon rular da 'ya'yanmu ke zuwa makaranta da ita. Kowa yana da ita a gida, ba sai ya jira wani jami'i ba.

Yadda za ka duba da kanka

Kafin ka biya kuɗin mota, ko kafin ka sabunta takardu, ka kai ta inda ake da ramin gyara ko wajen wankin mota mai tudun hawa. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka sa a wanke ƙasan da ruwa mai ƙarfi, ta bushe, sannan ka shiga da tocila, da ƙaramar guduma, da sukundireba, da mayen ƙarfe.

Ka bi shasin daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum, kamar an bugi tulun da ya tsage. Inda ka ji shakka ka danna sukundireba. Idan ta nutse, magana ta ƙare. Ka fi mai da hankali ga maƙalan sifirin da na shokozoba, mazaunin akwatin sitiyari, ƙarafan da suka gitta tsakanin ɓangarori biyu na shasi, wurin da kan mota da bodi suka zauna, da ɗamarar da ke riƙe da tankin mai. Ka bi siraran bututun man birki da ido da yatsa, domin na ƙarfe ne, kuma huda ɗaya kamar ta allura ta isa ta sa direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa. Ka ɗaga shimfiɗar roba ta ƙarƙashin ƙafar direba, ka kuma ciro batir ka ga mazauninsa. Shi kuwa mayen ƙarfe, amfaninsa tona asiri: inda aka cika bodi-fila mai kauri ba zai kama ba. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne har sai an kankare an ga abin da ke bayansa.

Magani da rigakafi

Tsatsa mataki uku ce. Akwai ta sama-sama, wadda ja ne kawai a fuskar ƙarfe. Wannan buroshin waya da sanfefa sun ishe ta, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, sannan a bi da fenti na sama. Akwai mai ɓawo, wadda ta fara cin kaurin ƙarfe. Ita sai an kankare an ga abin da ya rage kafin a yanke shawara. Sai kuma wadda ta huda. A ƙofa ko murfin inji, wannan aikin fanal-bita ne, ba abin tashin hankali ba. Amma a shasi ba ta da magani sai a yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a sa faranti mai kauri daidai da na asali, ƙwararren mai walda ya bi shi zagaye ba tare da tsallake ba. Ɗora faci a kan tsatsa rufa-rufa ce, domin za ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. Kafin a kunna wutar walda a cire kan batir, a sauke tankin mai idan aikin yana kusa da shi. Bututun birki da ya yi tsatsa kuwa canza shi ake yi, ba a liƙe shi.

Idan ruɓar ta mamaye wurare da yawa, gaskiya ɗaya ce ko da ɗaci: a nemi wani shasin a Ƙofar Ruwa idan ana samu, in ba haka ba a sayar da inji da giya da sauran sassa masu amfani, a kai gangar jikin wajen 'yan gwangwan. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wanda kuma ya yi mata fenti ya sayar wa wani bawan Allah bai faɗa masa aibinta ba, ya sani cewa duk jinin da ya zuba a dalilinta yana da kaso a ciki.

Rigakafin kuwa ba shi da tsada. A share bayan mota a wanke duk ranar da ta ɗauki taki, gishiri ko dabbobi. A shimfiɗa tamfol kafin lodi, a kuma ɗauke shi bayan an sauke domin ƙasan ya sha iska. A buɗe 'yan ramukan da masu ƙera mota suka bari a ƙasan ƙofofi da shasi domin ruwa ya fita. A wanke ƙarƙashi sosai a tsakiyar damina da ƙarshenta, idan ya bushe a shafa giris ko a fesa mai a cikin ramukan shasi, amma a kiyaye kada ya taɓa birki ko robobi. Waɗanda kuma ke mai da motocinsu masu amfani da iskar gas tun bayan cire tallafin fetur a 2023, su sani tukunyar gas tana da nauyi, kuma ba a ɗaure ta a kan ruɓaɓɓen bodi. A gyara mazauni tukuna, a kuma kai aikin cibiyar da hukuma ta amince da ita.

Shawarwari ga ƙungiya

Ina da roƙo guda huɗu. Na farko, duk ɗan ƙungiya da zai aiko da mota gida ya ware wani abu daga kuɗin sayen domin dubawa da gyara, ya kuma sa a duba ƙarƙashinta tun can kafin ya biya. Idan an turo maka hotuna a waya, ka ce a turo na ƙasa kafin na sama. Na biyu, mu yi wa kanmu alkawari cewa ba za mu ƙara karɓar takardar shaidar lafiya ta hannun ɗan tsakani ba. Mu kai motar da kanmu, in ta faɗi mu gyara mu koma. Na uku, ƙungiya ta ware rana guda a kowace shekara, bayan ɗaukewar ruwan sama, ta gayyato makanikai da masu walda na unguwa tare da jami'an da abin ya shafa, a duba motocin 'ya'yanmu kyauta, a faɗa wa kowa gaskiyar abin da aka gani. Na huɗu, masu mota su daina tsananta wa direbobi da kuɗin da za su kawo kullum, domin wannan matsi shi ke haifar da lodin wuce ƙa'ida, shasin da tsatsa ta raunana kuwa lodi ne ke ƙarasa shi.

Ga 'ya'yana direbobi, ku ne ke cikin motar, ku ne za ku fara jin sabuwar ƙara ko ku ga ta fara karkata gefe guda. Ku faɗa wa mai mota tun da wuri, in ya ƙi gyarawa ku kawo maganar gaban dattawan ƙungiya. Ku kuma ajiye lambar 122 a wayoyinku, ita ce ta kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra.

Kammalawa

Jama'a, titin Zariya da ya ratsa ta gefenmu 'ya'yanmu ne ke tsallaka shi safe da yamma zuwa makaranta, matanmu ne ke bin sa zuwa asibitin Malam Aminu Kano. Motar da birkinta ya tsinke ba ta tambayar ɗan gidan wa ke gabanta. Ni dai na sayar da tawa a kilo, na kuma ɗauki nauyin koya wa yaron nan sana'ar ɗinki tunda hawa kan kaya ya gagare shi, amma duk lokacin da na hango tafiyarsa sai in tuna la'asar ɗin da aka kawo mini takarda na karɓa da murna. Ina roƙon kowane mai a-kori-kura a cikinmu, kafin wannan mako ya fita, ya ari rular ɗansa da tocila ya leƙa ƙarƙashin motarsa.

 Allah ya kiyaye mana hanya, ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya, ya kai mu taron baɗi da rai da lafiya.